Hajiya ta iso New York, kwana biyu kacal gare ni: ina zan kai ta?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Shawara nake nema. Hajiyarmu ta sauka ranar Talata, bayan an sha jiran biza har mun fara fid da rai. Sati uku za ta yi. Kwana biyu kawai zan iya ajiye mota, Juma'a da Asabar masu zuwa, kun san kuɗin haya ba ya jiran kowa. Abin kunyar shi ne, shekarata tara a Bronx amma ta gilashin mota na san garin nan. Gadar Brooklyn na haye ta da fasinja ba adadi, ban taɓa sa ƙafa a kanta ba. Jiya Hajiya ta ce, "Wai ina matar nan mai riƙe da fitila da ake nunawa a talabijin?" Na ce tana can tsakiyar ruwa. Ta ce, "Ka taɓa zuwa?" Na yi shiru. Tana fama da gwiwa, ba ta son hayaniya, aljihun kuma ba nauyi gare shi ba. Ina zan kai ta?

Maman Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Sannu da baƙuwa, a gaida mana Hajiya da gajiyar hanya. Kafin a rikita ka da surutu, ka kai ta jirgin fito na Staten Island, mai launin ruwan lemon nan. Ba a biyan ko sisi, tun 1997 aka soke kuɗin shiga. Yana tashi daga tashar Whitehall a can ƙarshen Manhattan, dare da rana, minti 25 ya kai ku. Ku zauna ta hannun dama wajen tafiya, za ku wuce ta gaban matar mai fitila. Akwai kujeru, akwai bayi, ba hawa bene. Idan kun isa dole kowa ya sauka, sai ku zagayo ku shiga na dawowa. Daga Bronx jirgin ƙasa mai lamba 4 ko 5 zai sauke ku a Bowling Green, 'yar tafiya kaɗan ce zuwa tashar.

Ɗan Zango: Haba Anti! Tsohuwa ta yi awa goma sha wani abu a sama ta zo, sannan a nuna mata abu daga nesa kamar watan azumi? Ni da mamana ta zo daga Kumasi har tsibirin na kai ta. Baban Ilham, ka cire kuɗi ka sayi tikiti, uwa guda ce.

Maman Sadiƙ: Ɗan Zango, mamanka na da ciwon gwiwa? Ka faɗa masa layin da kuka bi mana. Bincike kamar filin jirgi, ga tsayuwa a cikin iska. Mu da muka je wuni guda ya tafi.

Ɗan Zango: Layi kam mun sha, ba ƙarya. Amma da safe sosai da sauƙi.

Alhaji Mai Tasi: Ko wanne za ka yi, ka kiyayi yaran nan masu tare mutane a bakin lambun Battery, kusa da tashar jirgin, da kwali a hannu. Ƙanina da ya zo bara, kafin in gama ajiye mota sun karɓe masa kuɗin mutum uku, wai tikitin zuwa wajen mutum-mutumin. Ashe wani jirgi ne daban, sai da aka ɗauke su a bas zuwa wata tasha, jirgin ya zaga ruwa ya dawo, ko tsibirin ba su taka ba. Har akwai masu ce wa baƙo wai na Staten Island ma sai da tikiti. Ƙarya ce. Ka sunkuyar da kai ka wuce.

Abu Hanifa: 'Yan'uwa ku yi haƙuri, amma ni abin da ke damuna daban ne. Musulmi ya ɗauki mahaifiyarsa, dattijuwa, ya biya kuɗi don a je kallon gunki? Mu ji tsoron Allah.

Uwargida Jersey: Malam, wa ka ga yana yi mata sujada? Masu ɗaukar hoto ne kawai da masu cin gyaɗa.

Abu Hanifa: Hajiya, surar mutum ce da aka sassaƙa, ko ana bauta mata ko ba a yi. Ban ce kowa ya kafirta ba, tunatarwa na yi.

Admin: An ji tunatarwa, Allah ya saka. Mai son hukunci ya tambayi malaminsa. A koma kan tambayar Baban Ilham don Allah, kar zaren nan ya zama irin na makon jiya.

Ticha: Bari in sa baki kaɗan, tunda an taɓo matar mai fitila, wato Statue of Liberty. Kyauta ce daga mutanen Faransa, an ƙaddamar da ita ranar 28 ga Oktoba 1886. Bartholdi ne ya tsara siffar, ƙashin ƙarfen da ke riƙe da ita daga ciki kuma aikin Eiffel ne, mai hasumiyar Paris. Jan ƙarfe ne jikinta, iskar teku ce ta mai da shi kore. Ita kanta mita 46 ce, da dakalin da take kai 93. Abin da yawancin masu zuwa ba sa gani shi ne akwai tsinkakkiyar sarƙa a ƙafafunta. Wanda ya fara kawo shawarar yin ta, Laboulaye, mai yaƙi da bauta ne, kuma a 1865 ne Amurka ta haramta bautar. Daga ƙasa ba ka hango sarƙar, dakalin ya tare. Don haka ko ka biya ka je, ba lallai ka ga abin da ya fi shafarmu ba. Kan hawa har cikin kambin kuwa, matakala sama da 300 ce, a manta da shi ga mai gwiwa.

Ni shawarata, Baban Ilham, ka fi ba gadar Brooklyn muhimmanci.

Baban Ilham: Ticha, gadar fa doguwa ce. Za ta iya?

Ticha: Ba sai kun ƙure ta ba. Ta ɓangaren Manhattan babu matakala, gangare ne mai sauƙi, kuma jirgi mai lamba 4 ɗin nan yana tsayawa a bakinta, tashar Brooklyn Bridge–City Hall. Ku taka a hankali zuwa hasumiya ta farko, ku huta, ku juyo. Hanyar masu ƙafa a sama take, ta katako, motoci na wucewa a ƙarƙashinku. Da can masu keke ne ke firgita mutane, amma tun 2021 aka sauke su ƙasa aka ba su layinsu. Masu talla ma an tashe su a farkon 2024, yanzu akwai sarari.

Kuma ka ba ta labarin gadar kuna tafe, don ya fi gadar daɗi. Wanda ya zana ta, John Roebling, Bajamushe ne. A 1869 yana awo a bakin ruwa jirgin fito ya matse masa ƙafa, aka yanke yatsun, cutar sarƙewar haƙora ta shiga, ya mutu ba a ɗora dutse ko ɗaya ba. Ɗansa Washington ya karɓa. To ta yaya za a kafa harsashi a ƙarƙashin ruwa? Sai suka ƙera manyan akwatuna na katako marasa gindi, suka kifa su a ƙasan ruwan, kamar ka kifa ƙwarya a cikin baho iska ta hana ruwa shiga. Ana tura iska da ƙarfi, leburori na ciki suna haƙar laka, magina na sama suna jera duwatsu, akwatin na nitsewa kaɗan-kaɗan. Ta ɓangaren Manhattan sai da suka yi ƙasa kusan mita 24. Matsalar, idan mutum ya fito daga wannan matsin da sauri, iskar da ta narke a jininsa sai ta yi kumfa, kamar ka girgiza kwalbar lemo ka buɗe. Wasu suka mutu, wasu suka shanye. Shi kansa Washington abin ya kwantar da shi, ya koma leƙen aikin da madubin hangen nesa ta tagar gidansa a Brooklyn.

Matarsa Emily ce ta riƙe aikin sama da shekara goma. Ita ke kai umarni wajen injiniyoyi, ta koyi lissafin igiyoyin ƙarfe da ƙarfin kayan gini, ita ke fuskantar 'yan siyasa da suka so tsige mijin. Da aka gama, ita aka fara tsallakawa da ita a keken doki, da zakara a cinyarta alamar nasara. An buɗe ranar 24 ga Mayu 1883. Akwai allon tunawa da ita a jikin hasumiyar ɓangaren Brooklyn.

Ba-Damagare: Ticha ya buɗe aji, kowa ya fito da allo.

Uwargida Jersey: A bar shi ya yi. Maza ku karanta da kyau: shekara goma miji na kwance mata na riƙe da gada. Da wasu ne da tuni an ce a yi mata kishiya ta taya ta jinya.

Alhaji Mai Tasi: Hajiya, mu dai ba mu ce komai ba.

Maman Sadiƙ: Zakaran ne ya ba ni dariya. Da ni ce sai dai a ga romonsa da yamma.

Ticha: Saura giwaye. Kwana shida da buɗewa aka yi turmutsutsu a kan gadar, jita-jita ta bazu wai za ta rufta, mutum 12 suka mutu. Mutane suka tsorata da ita. A 1884 sai P.T. Barnum, mai wasan dabbobi, ya kora giwaye 21 suka bi ta kai. Shi talla yake yi wa sana'arsa, amma hankalin jama'a ya kwanta.

Ɗalibi Daga Kano: Ni ban taɓa zuwa ba, ɗan kallo ne a zauren nan. Amma na duba, duk tsawon gadar bai kai kilomita 2 ba. Third Mainland ta Legas kilomita 11.8 ce. Me ake ta zuzutawa?

Ticha: Ƙanina, ba tsawo ake kallo ba. Third Mainland a 1990 aka gama ta, kuma ƙafafu gare ta jere a cikin ruwa. Wannan rataye take, tsakanin hasumiya da hasumiya mita 486 babu abin da ya tokare ta sai igiya, don manyan jiragen ruwa su wuce ta ƙasa. A lokacinta babu gadar rataye da ta kai ta a duniya. Ka lissafa: ranar da aka buɗe ta, saura shekara 20 Turawa su ci Kano. Ga ta nan har yau motar Baban Ilham na bi ta kai.

Ɗalibi Daga Kano: To na karɓa, amma rabi.

Ba-Damagare: Wani abu kuma, hoton nan da kowa ke ɗauka a unguwar DUMBO, gada a tsakanin jajayen gine-gine biyu, ba ta Brooklyn ba ce fa. Gadar Manhattan ce, ta 1909. Shekara biyu hoton na kan Facebook ɗina da sunan Brooklyn kafin ɗana ya gyara mini, yana dariya.

Baban Ilham: Wannan kam ko ni na sani, direba ne ni. To Juma'a fa? Ina so mu yi salla tare sannan ta ɗan sha iska.

Maman Sadiƙ: Ku yi Juma'a a babban masallacin titi na 96 da Third Avenue, wanda aka buɗe a 1991. Ka nuna mata yadda ginin ya karkace daga layin titi don ya fuskanci alƙibla. Daga nan Central Park, babban lambun shaƙatawar nan, kusa ne. Amma kar ka kai ta ƙasa wajen titi na 59, nan ne hayaniya da warin dawaki. Ku yi sama, wajen titi na 105 akwai lambun furanni, shiru kamar ba a New York ba, gaba kaɗan ga tafkin Harlem Meer da bencina a bakin ruwa. Ka zo da fulas ɗin shayi. In yunwa ta taso, titi na 116 na nan kusa, abincin 'yan Senegal da shagunanmu.

Ɗan Zango: Shinkafar 'yan Senegal za a ba Hajiya? A dawo Bronx a ci tuwo da miyar ayoyo.

Maman Sadiƙ: Tuwon ta baro a gida, ɗana.

Alhaji Mai Tasi: Ni ban gane wannan rububin Central Park ba. Eka 843 ce. Pelham Bay da ke nan Bronx ɗinmu ta ninka ta uku, ga bakin ruwa na Orchard Beach, ga wurin ajiye mota. Sannan akwai gadar High Bridge, wadda ta girmi ta Brooklyn, tun 1848 take, ruwan sha aka gina ta ta ɗauko wa gari. Ta shekara sama da arba'in a rufe, aka sake buɗe ta a 2015, babu mota babu cunkoso. Amma da yake a unguwar talaka take ba wanda ke zancenta.

Uwargida Jersey: Alhaji, idan Hajiya ta koma gida aka ce me kika gani, ta ce High Bridge, wa ya san ta?

Alhaji Mai Tasi: Shi ke nan, don mutanen gida za a yi yawon ke nan.

Ticha: Alhaji na da gaskiya ta wani gefen. Shi ma Central Park ba daji aka tarar ba, hannu ne ya yi shi, tafkunan ma haƙa su aka yi, bisa zanen Olmsted da Vaux na 1858. Kuma akwai mutane a wurin. Tsakanin titi na 82 da na 89 ta yamma akwai unguwar Seneca Village, tun 1825, yawancinsu baƙaƙen fata masu gidajen kansu, da coci uku da makaranta. A wancan zamanin baƙar fata ba ya zaɓe a New York sai yana da kadarar dala 250, don haka gidan nan shi ne ƙuri'arsa. A 1857 hukuma ta karɓe filin ta tashe su. Yau ciyawa ce da alluna.

Amma wurin da nake so ka kai Hajiya, ko da za ka bar komai, yana 'yan mintuna daga bakin gadar: maƙabartar 'yan Afirka, a lamba 290 Broadway, da farfajiyar tunawa a titin Duane. A 1991 ana haƙa harsashin ginin gwamnati aka ci karo da ƙasusuwa. Aka tono mutum 419, kusan rabinsu yara. An ƙiyasta mutum 15,000 ke kwance a wajen, bayi da 'yantattu, daga wajejen 1690 zuwa 1794, lokacin da ba a yarda a binne su a maƙabartar gari ba. Mutane na ɗauka bauta abin kudancin Amurka ce, alhali a New York sai 1827 ta ƙare. Jami'ar Howard ta yi nazarin ƙasusuwan, a 2003 aka mai da su ƙasa cikin akwatunan da aka sassaƙo daga Ghana. A cikinsu akwai wata mata da aka samu da duwatsun ado da wuri a ƙugunta. Shiga kyauta ne, ka dai duba ranakun buɗewa.

Ɗan Zango: Wallahi shekarata goma sha ɗaya ina wucewa ta Broadway ɗin nan ban san da wannan ba. Daga Ghana aka kawo akwatunan?

Ticha: Daga Ghana. Kuma tunda Hajiya daga gida take, ka gaya mata Mahommah Baquaqua. Haifaffen Djougou ne a Benin ta yau, Musulmi, kuma a labarin rayuwarsa da aka buga a Detroit a 1854 ya ce mahaifiyarsa mutuniyar Katsina ce. An sayar da shi Brazil. A 1847 jirgin ubangidansa ya kawo kofi New York, ya ji cewa a nan babu bauta, ya tsere daga jirgin. Aka kama shi aka kulle, ya sake kuɓuta, ya bi ta Boston zuwa Haiti. Ruwan da za ku tsaya kuna kallo, ta nan ɗan Bakatsiniya ya shigo.

Abu Hanifa: Wannan kam ziyara ce mai tuna lahira. Ba ni da ja.

Ba-Damagare: Alhamdu lillahi, yau Ticha da Malam sun haɗu a layi ɗaya. Baban Ilham, rigar sanyi fa. Iskar kan ruwa a watan Oktoba ba ta san dattijo ba.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai jama'a. Zan dawo da rahoto in sha Allah.

Baban Ilham: Salam. Ga rahoton da na yi alkawari. Juma'a mun yi salla a 96, muka wuce tafkin. Abin da ya fi ɗaukar hankalin Hajiya ba furanni ba ne, karnuka ne masu riga. Ta ƙirga bakwai. Ta ce garin da kare ke da rigar sanyi, mutum kuma na kwance a benci ba bargo, sai addu'a.

Asabar muka fara da maƙabartar. Na yi zaton minti goma za mu yi, muka shafe fiye da awa. Ilham ce ke karanta allunan tana fassara mata da guntuwar Hausarta. Da aka zo kan matar nan mai duwatsu a ƙugu, Hajiya ta ce, "Jigida ce ai." Ta yi shiru, can ta ce, "Wannan da uwarta ta ɗaura mata." Ta zauna a dakali a waje, ta daɗe tana jan carbi, ban katse ta ba.

Gada kuma mun kai hasumiya ta farko, da hutu biyu. Katakon na ɗan rawa in motoci sun wuce ta ƙasa, ta damƙe hannuna ta ce in rantse giwaye sun bi. Na ce Ticha ne ya faɗa. Ta shafa dutsen hasumiyar da tafinta, ta ɗaga kai tana kallon igiyoyin, ta ce kamar zaren saƙa a jikin masaƙa. Ni kaina na tsaya ina leƙen layin da nake bi kullum, daga sama, har na hango wani ɗan'uwa direba ya maƙale a cunkoso yana danna oda.

Maman Sadiƙ: Jirgin fa? Kar ka ce ba ku shiga ba.

Baban Ilham: Mun shiga Anti, da la'asar, hannun dama kamar yadda kika ce. Yaran masu kwali sun tare mu, na tuna Alhaji na wuce. Da muka zo daidai matar, Hajiya ta gyara tabarau ta ce, "Ita ce wannan? Ashe 'yar ƙarama ce. Kuma koriya." Shi ke nan abin da ta ce a kanta. Ruwan ne ya tafi da ita. Ta kira ƙanwarta a bidiyo tana nuna mata kumfar bayan jirgi da tsuntsayen da ke bin mu, tana cewa duk wannan ba a karɓi ko kwabo ba.

Ɗan Zango: Ka gani? 'Yar ƙarama! Da ka kai ta gindinta da ba ta faɗi haka ba.

Baban Ilham: Na yi mata tayin, ta ce ta gani ya isa. Jirgin dai take so a sake, wai na dare, ta ga fitilun gari daga ruwa. Ilham da mamanta za su kai ta Laraba.

Alhaji Mai Tasi: In sun dawo a kawo ta High Bridge, ni zan ɗauke su a motata.

Uwargida Jersey: Alhaji bai haƙura ba.

Alhaji Mai Tasi: Minti goma ne daga gidansu.